Ɗaurin Kaya A Kan Keke Domin Doguwar Tafiya A Hanyar Burji

Yawancin hanyoyin da suka haɗa ƙauyukanmu da kasuwa, da asibiti, da makaranta, ba su da kwalta. Waɗansu burji ne, waɗansu jar ƙasa ce mai gargada, waɗansu kuwa turbar shanu ce cike da rairayi. A kan irin hanyoyin nan keke yake yin aikinsa kowace rana, yana ɗaukar hatsi, da taki, da itace, da jarkar ruwa. In ka zauna wurin mai gyaran keke ran kasuwa za ka ga irin ɓarnar da akan kawo masa. Ga ƙafar baya ta karkace, ga kariya ta tsage, ga wayoyin ƙafa, watau sifok, sun tsintsinke. Mai keken yakan ce kaya ne suka yi yawa. Amma sau da dama laifin yana wurin da aka ɗora kayan ne, da kuma yadda aka ɗaure su. Kilo 20 da aka ɗora ba daidai ba ya fi kilo 40 da aka raba da kyau wahalar da keke da mahayinsa.

Akwai waɗansu mutane a ƙasashen waje da suka yi nisa ƙwarai wajen binciken wannan al'amari. Bari mu duba abin da suka gano, sa'an nan mu ga abin da za mu iya ɗauka a ciki.

Keken Burji Da Masu Hawansa

A Amurka da Turai akwai wani irin keke da aka ƙera musamman domin hanyar da ba kwalta. Sai mu kira shi keken burji. Kansa a lanƙwashe yake kamar na keken tsere, amma tayarsa ta fi kauri. Faɗinta yakan kama daga milimita 38 zuwa 50. Yana da giya mai sauƙi domin hawan tudu, an kuma huhhuda ƙananan ramukan noti a jikinsa domin a liƙa gorar ruwa da jaka. Nauyinsa bai cika wuce kilo 10 ko 11 ba, watau kamar rabin nauyin baƙin keken da muka saba da shi.

Masu irin wannan keke sukan ɗaura kayan kwana da abinci su shiga daji, su yi kwanaki suna tafiya zango zango. Waɗansu domin sha'awa suke yi, waɗansu kuwa tsere. A shekarar 2006 mutum 34 suka fara wani tseren burji na kilomita 320 a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, ga shi yanzu dubbai ke zuwa. A 2008 aka fara wani mai suna Tour Divide. Akan tashi daga garin Banff a Kanada a bi ta duwatsu har bakin iyakar Meziko, wajen kilomita 4,400, watau kamar mutum ya yi tafiyar Kano zuwa Ikko sau huɗu. A 2016 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Mike Hall ya gama ta kafin cikar kwana 14. A nan Afirka ma, tun 2020 ana yin irin wannan tsere a duwatsun Atlas na Maroko, fiye da kilomita 1,000.

Dokar irin tseren nan ita ce ba motar da za ta bi ka da kaya. Abin da za ka ci, da abin da za ka shimfiɗa, da abin gyara, duk a kan kekenka suke. Wanda bai iya ɗauri ba, ko dai ya faɗi a gangare, ko jakarsa ta yage, ko ƙafar kekensa ta karye a inda ba mai gyara. Shi ya sa suka mai da hankali ƙwarai ga wurin da kowane abu zai zauna.

Dabarar Tsohuwa Ce

A shekarar 1897 sojan Amurka suka so su gwada ko keke zai iya maye gurbin doki. Aka zaɓi baƙaƙen sojoji 20 ƙarƙashin wani hafsa mai suna James Moss. Suka tashi daga barikin Missoula a jihar Montana, suka isa birnin St. Louis cikin kwana 41, tafiyar wajen kilomita 3,000. Kekunansu ba su da giya, hanya kuwa taɓo ce da rairayi da duwatsu. Kowane soja ya nannaɗe bargonsa da tantinsa ya ɗaure a kan keke ta gaba. Abinci da kayan dafuwa kuwa suna cikin wata jaka da aka yi daidai da filin nan mai kusurwa uku da ke tsakiyar keke, ƙarƙashin sanda. Abin da masu keken burji ke yi a yau ke nan, sai dai jakunkunansu sun fi sauƙi.

Kakanninmu fatake ma sun san wannan tun suna kora jakuna zuwa Gwanja fataucin goro. Ba wanda yakan tula wa jaki kaya a kan gindi. Akan sa akumari tukuna, a raba kaya biyu daidai a cikin mangala, su sauka ta kowane gefe. In gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, kafin a kai zango bayan jakin ya yi miki. Keke ba ya yin miki, amma yana nuna ciwonsa a wurin sifok da kariya.

Wurare Huɗu Na Ɗora Kaya

Masu doguwar tafiya sun raba keke wuri huɗu, kowane wuri da irin kayansa.

Na fari shi ne tsakiyar keke, ƙarƙashin sanda, tsakanin gwiwoyin mahayi. Nan ne wuri mafi kyau duka, gama yana ƙasa, yana kuma tsakanin ƙafafu biyu. Nan suke sa abu mai nauyi wanda ba shi da girma, kamar ruwa, da sifana, da famfo, da abinci. Jakar wurin takan ci lita 4 zuwa 10, gwargwadon girman keken.

Na biyu shi ne kan keke ta gaba. Nan wurin abu mai girma ne mara nauyi, kamar bargo, da tanti, da gidan sauro. Akan nannaɗe su kamar tabarma a ɗaure a gicciye. In aka sa abu mai nauyi a nan, kan keken zai ƙi juyawa da sauri, a cikin rairayi kuma ƙafar gaba za ta nutse.

Na uku shi ne bayan sirdi. Suna da wata doguwar jaka mai kama da ƙaho wadda akan ɗaure a ƙarfen sirdi, takan ci lita 8 zuwa 16. Tufafi suke sawa a ciki. Abin da ya fi nauyi akan tura shi can ciki kusa da sirdi, mara nauyi ya zauna a baki. In ba haka ba jakar za ta riƙa kaɗawa kamar wutsiyar sa duk lokacin da aka taka feda.

Na huɗu shi ne ƙarafan nan biyu da ke riƙe da ƙafar gaba. Akan liƙa gorar ruwa ko ƙaramar jaka a kowane gefe, kilo 2 ko 3, amma tilas nauyin gefe biyun ya zama ɗaya.

Akwai wuri guda da suke gudu, shi ne bayan mahayi. Jakar goyo takan gajiyar da kafaɗa, ta hana gumi bushewa, ta kuma ƙara danna mutum a kan sirdi. Tafiyar sa'a ɗaya ba kome, amma wanda zai yini a hanya jikinsa zai gaya masa.

Me Ya Sa Haka?

Dalilai uku ne, kowa kuma yana iya gwada su a ƙofar gidansa.

Da fari, ko ba kaya, ƙafar baya ce ke ɗauke da fiye da rabin nauyin mahayi. A baƙin kekenmu, inda mutum yake zama a miƙe, abin yakan kai kashi biyu cikin uku. A ce mutum kilo 60 ne, kekensa kilo 20. Ƙafar baya ta riga ta ɗauki fiye da kilo 50. In ya ɗora buhun taki na kilo 50 a kariya, ta haura kilo 100 ke nan, ƙafar gaba kuwa ba ta sami ƙarin kome ba. In kuma buhun ya zarce tsakiyar ƙafar baya, sai ya zama kamar sikeli, yana danna baya yana ɗaga gaba. Ƙafar gaba mara nauyi ba ta kama ƙasa. A kan tsakuwa sai ta zame, a gangare kuma kan keken ya kama rawa.

Na biyu, kaya masu tsawo sun fi rinjayar keke. Ɗauki sanda ka ɗaura dutse kusa da hannunka, ka kaɗa ta. Sa'an nan ka mai da dutsen can ƙarshen sandar, ka sāke kaɗawa. Nauyi ɗaya ne, amma na biyun ya fi wuyar tsayarwa. Haka kaya suke a kan keke. In suna sama, da zarar keken ya karkata kaɗan sai su ja shi ƙasa.

Na uku, kayan da ba su ɗauru tam ba sukan zama guduma. A hanya mai gargada kowane tudu yakan ɗaga su, su faɗo a kan kariya. Cikin kilomita 10 an yi wannan duka sau dubbai. Shi ke kwance noti, ya tsinke sifok, ya tsaga kariya a wurin walda.

Kariya Da Iyakarta

Kariya ba abin ƙi ba ce. Masu tsere suna barinta ne domin kayansu kaɗan ne, galibi ba su kai kilo 10 ba in an cire ruwa da abinci. Manomi kuwa ba shi da zaɓi. Amma kowace kariya tana da iyaka. Yawancin ƙananan kariyoyin da akan sa wa kekunan Turai, irin kekunan da ke shigo mana na hannu, kilo 25 aka yi su su ɗauka, sau da yawa ma an buga adadin a jikinsu. Jarkar ruwa ɗaya ta lita 25 ta cika wannan ma'auni, gama litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce.

Akwai kekunan da aka ƙera domin kaya. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, tana yin wani mai suna Buffalo domin ƙauyukan Zambiya, da Kenya, da Zimbabuwe, da waɗansu ƙasashe. Kariyarsa tana ɗaukar kilo 100, domin an ƙarfafa jikin keken da sifok ɗinsa gaba ɗaya. Tsohon Raleigh ma sifok 40 akan sa masa a baya, 32 a gaba, gama maƙeransa sun san inda nauyi yake. Saboda haka in mai walda ya yi maka kariya ta rodi, kada ka manta ƙafar da ke ƙarƙashinta ba ta ƙara ƙarfi ba.

Wani abin sha'awa kuma, tayar baƙin keke mai inci 28 faɗinta inci ɗaya da rabi ne, watau milimita 38. Daidai take da ta keken burji mai tsada. Ashe keken da ke jingine a zaurenka ya dace da hanyar, ɗauri ne kaɗai ya rage.

Yadda Za Ka Yi Da Abin Da Ke Gida

1. Jakar tsakiya. Sami kwali ka kara shi a filin da ke ƙarƙashin sanda, ka zana kusurwoyin uku da fensir, ka yanke. Kai wa tela ko baduku tare da tsohon tamfol. Ya yanka biyu, ya haɗa su da ƙyalle mai faɗin yatsa huɗu. Kada faɗin ya wuce haka, don kada jakar ta riƙa gugar gwiwarka. Ya sa mata maɗauri biyu ko uku a kowane gefe.

2. Mangalar keke. Maimakon ka kwantar da buhu guda a kan kariya, raba shi cikin buhu biyu daidai wa daida. Ɗaure bakunansu tare, ka rataya su a kariya su sauka ta kowane gefe. Sa sandar gora ko katako tsakanin buhun da ƙafa don kada ya shiga cikin sifok. Ka tabbata dunduniyarka ba ta taɓa shi sa'ad da kake taka feda.

3. Abin da ya rage a saman kariya ka matso da shi gaba har ya taɓa sirdi. Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama.

4. Tabarma, da bargo, da gidan sauro su koma kan keke ta gaba. Lura kada su danne ƙarfen birki, kada kuma su taɓa taya.

5. Ɗaure da robar tsohon tub, gama igiya takan saki in an sha gargada, roba kuwa tana ƙara kamawa. Ka ja ta a gicciye ta fuska biyu, ka cusa bakinta. Bakin roba da ke lilo yana iya shiga ƙafa ya kā da kai.

6. Duk inda jaka ko roba ke gugar jikin keke, naɗa tsumma ko guntun tub tukuna. Ƙura da gugar yau da gobe suna cin fenti, har su ci ƙarfe.

7. Takin zamani da gishiri suna sa tsatsa. Sa leda tsakaninsu da ƙarfe, in ka sauke kuma ka wanke wurin.

Ruwa, Iska Da Kayan Gyara

Wanda zai yi tafiyar yini da bazara kada ya rage ruwa domin neman sauƙin kaya. Gara ya rage tufafi. A raba ruwan cikin ƙananan gorori a sa a jakar tsakiya. Jarkar da ba ta cika ba tana da haɗari, domin ruwan yakan yi ta kai da kawowa yana jan keken gefe da gefe. Ko dai ka cika ta fal, ko ka nemi ƙarama.

Game da iska, mutane da yawa suna tsammani taya mai tauri kamar dutse ita ce mai gudu. A kwalta mai santsi da ɗan gaskiya a ciki. A burji kuwa irin tayar nan tsalle take yi, tana jijjiga kaya da mahayi. In kuma iskar ta yi kaɗan, dutse zai matse tub a jikin ƙarfen ƙafa ya huda shi wuri biyu, kamar saran maciji. Ga ma'auni mai sauƙi. Ɗora kayanka ka hau, wani ya duba maka. Tayar ta ɗan baje kaɗan a inda ta taɓa ƙasa. Ta baya tana bukatar iska fiye da ta gaba.

Masu keken burji da yawa sun daina sa tub. Sukan zuba wani ruwan roba a cikin taya, in ƙaya ta huda sai ya toshe ramin da kansa. Wannan sai da irin taya da ƙafar da aka yi dominsa. Mu da muke fama da tsidau da ƙayar aduwa, abin da ba za mu bari a gida ba shi ne famfo, da faci, da sholisho, da tub guda na ajiya, da sifana, da filaya, da guntuwar waya, da noti biyu ko uku. Ɗaura sifok uku ko huɗu a jikin keke da roba. Ba su da nauyi, mai gyara na ƙauye kuwa ba kullum yake da irin tsawon naka ba.

In Kaya Sun Fi Ƙarfin Hawa

Akwai nauyin da ba a hawa da shi, sai turawa. A shekarar 1954, lokacin da mutanen Biyetnam suka kewaye sojan Faransa a kwarin Dien Bien Phu, da kekuna suka kai shinkafa da kayan yaƙi ta cikin duwatsu. Keke guda yakan ɗauki kilo 200 ko fiye. Sun ƙarfafa jikin keken da katako da ƙarfe, suka rataya buhuna ƙasa ƙasa ta gefe biyu. Suka ɗaura sanda a kan keken domin juya shi, wata kuma a wurin sirdi domin turawa. Ba wanda ya hau. Tafiya suke yi a gefensa.

Haka nan buhun masara na kilo 100 a hanyar burji kayan turawa ne. Birkin baƙin keke roba ce ke kama ƙarfe, in ƙarfen ya jiƙe kuwa ba ta kamawa sosai. Keke mai kaya yana bukatar fili mai tsawo kafin ya tsaya. A gangare mai tsakuwa, ko bakin rafi, ko gadar katako, sauka ka tura. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sawu biyu da rabin buhu ya fi arha bisa ga sayen sabuwar ƙafa, balle kuɗin ɗori.

Kafin Ka Tashi

Hausawa sun ce kayan sammako da marece akan ɗaure shi. Masu doguwar tafiya ba su tashi sai sun gwada ɗaurinsu, kai ma ka yi haka. Bayan ka gama ɗauri, kama sirdi ka girgiza keken da ƙarfi. Duk abin da ya motsa ko ya yi ƙara, sāke ɗaure shi. Ɗaga ƙafar gaba, ka ɗaga ta baya, ka ji bambancinsu. In ta gaba ta tashi kamar ba kome, mai da waɗansu kaya gaba. Matsa sifok biyu biyu da yatsa, in ka sami sako-sako a ɗaure shi tun bai ja 'yan'uwansa ba. Hau ka zaga unguwa, ka gwada birki. Kashegari kuma in ka yi tafiyar rabin sa'a, tsaya ka sāke jan roba, gama kaya sukan zauna in sun sha jijjiga.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin manoma su kawo wannan magana a taronsu na gaba. A kawo keke guda da buhu guda. A ɗora buhun a kan kariya, kowa ya tura ya ji. Sa'an nan a raba shi biyu kamar mangala, a sāke turawa. In an ga amfaninsa, a haɗa kuɗi a sayi tamfol guda, tela ɗaya ya ɗinka wa kowa jakarsa kafin kaka ta zo.